Yadda Za Ka Toshe Kiran da Ba Ka So Ba Tare da Ka Toshe Hanyar Abincinka Ba

Wata ranar Talata da hantsi, wani Alhaji da ke dillancin tumatir a kasuwar Mile 12 ya iso rumfata ta gyaran waya a Agege, ya dire iPhone ɗinsa a kan tebur, ko zama bai yi ba. Ya ce, "Injiniya, duba min wannan abar. Mutane na ta cewa sun kira ni, ni kuwa ko ƙararta ban ji ba." Na ce, "Baba Alhaji, zauna tukuna ka sha ruwa." Da na buɗe jerin kiran da suka shigo, sai ga wata lamba guda ta neme shi sau tara a jiyan, tun daga asuba har fitowar rana. Ashe direban motar da ta ɗauko masa kaya daga Kano ne. Mota ta lalace a wajajen Mokwa, cajin wayar direba ya ƙare, ya ari ta yaron mota yana ta neman Alhaji ya turo kuɗin gyara. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Kafin a samu juna rana ta take, kwandunan ƙasa sun fara ruwa.

Wayar lafiyarta ƙalau. Ɗansa ne ya ga 'yan talla da 'yan damfara sun hana mahaifinsa sakat, sai ya kunna masa wani makulli da ke rufe bakin duk lambar da ba a ajiye ba. Niyyar yaron mai kyau ce, amma garin neman gira aka rasa ido.

Mu da muke zaune a Legas, yawancinmu ta baƙuwar lamba abincinmu yake zuwa. Mai sayar da shanu a Oko-Oba, direban tirela da ke jiran lodi a Apapa, tela a Idi-Araba, mai suya a Obalende da ake kira a ce ana son tsire na biki, kowa cikinsu idan ya ce ba zai ɗauki lambar da bai sani ba, to ya rufe shagonsa da hannunsa. Saboda haka aikin ba na rufe ƙofa gaba ɗaya ba ne. Kiran da ke damunka iri-iri ne, akwai na tallan kamfanin layi, akwai na ɗan damfara, akwai na masu bin bashin da ba kai ka ci ba, akwai kuma na mutumin da kawai ya sa ka a gaba. Kowanne da inda ake toshe shi, kuma wasu ma ba a cikin wayar ake toshe su ba.

Fara daga layin, kafin ka taɓa wayar

Idan abin da ke damunka shi ne kiran nan da za ka ɗauka ka ji muryar na'ura tana maka tallan waƙar kira ko caca, da saƙonnin tes da ke cika maka waya, maganinsu yana wajen kamfanin layinka. Tun shekarar 2016 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, wato NCC, ta wajabta wa kamfanonin layi su samar da lamba guda ta hana talla, ita ce 2442, tsarin da ake kira Do Not Disturb. Ko MTN kake, ko Airtel, ko Glo, ko T2 da a da ake kira 9mobile, lambar ɗaya ce, kuma ba a cire maka ko kwabo.

Buɗe wurin rubuta saƙon tes, a gurbin lamba ka sa 2442, a gurbin saƙo ka rubuta STOP, ka tura. Za su dawo maka da amsa cewa an sa ka a jerin waɗanda ba a yi wa talla. Ka ba shi kamar kwana guda ya kama. Idan wayarka mai sim biyu ce, kamar yadda yawancin namu suke, sai ka tura daga kowane layi daban, domin layin ake yi wa rajista, ba wayar ba. Nan ne mutane da yawa ke kuskure, su tura da sim ɗaya, gobe talla ta shigo ta ɗayan, su ce abin ƙarya ne.

In kana son wasu tallace-tallacen su ci gaba da zuwa, tura HELP maimakon STOP. Za a jero maka rukunai da lambobinsu, 1 na harkar banki da inshora, 3 na ilimi, 4 na lafiya, 9 na addini, da sauransu, ka zaɓi wanda kake so. Kalmar STATUS tana nuna maka matsayin layinka a yanzu, ALLOW kuma tana sake buɗe ƙofar in ka canza shawara.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani kafin ka tura: saƙon shigar kuɗi na banki zai ci gaba da zuwa, amma saƙonnin da makarantar yara ko wata ƙungiya ke turawa jama'a a dunƙule ta hanyar masu tura saƙon talla, wani lokaci wannan shingen yakan tare su. In ka lura sanarwar makaranta ta daina zuwa, gaya musu su riƙa neman ka ta wata hanya.

Sai kuma ka danna *305# ka kira. Wannan tana cikin gajerun lambobin da aka daidaita wa dukkan layuka a 2023, aikinta nuna maka ƙananan hidimomin da aka ɗaura wa layinka masu cin kati a ɓoye, ka soke wanda ba ka so. Idan bayan duk wannan talla ba ta daina ba, kira 300 ka shigar da ƙorafi wajen kamfanin layinka, ka karɓi lambar ƙorafin ka rubuta a takarda. In sun yi biris, kira 622, layin ƙorafi na NCC kyauta, ka ba su wannan lambar. Ba sa son ka zo musu kai tsaye ba tare da ka fara bi ta kamfanin ba.

Amma 2442 ba ta san ɗan damfara ba. Shi da sim irin naka yake kira, kamar kowa. Nasa maganin yana cikin wayar.

Toshe lamba guda

Yawancin wayoyin da ke zuwa rumfata Tecno ne da Infinix da itel, sai Redmi da Samsung. Sababbin Tecno da Infinix da yawa suna amfani da manhajar kira ta Google, mai hoton kan tarho shuɗi. A cikinta, buɗe jerin kiran baya, ɗora yatsa a kan lambar ka riƙe na daƙiƙa biyu, wani ɗan akwati zai fito. Zaɓi inda aka rubuta Block ko Block/report spam. Zai tambaye ka ko kana son a kai rahoton lambar a matsayin ta 'yan damfara. In ka tabbata ɗan damfara ne, bar alamar a kai, domin rahotonka yana taimaka wa wayar wani ta gane lambar gobe. In kuwa saɓani ne kawai tsakaninka da wani ɗan'uwa ko abokin ciniki, cire alamar, ka toshe shi kawai. Bai kamata ka ɓata wa mutum lambarsa a idon duniya don kun samu matsala ku biyu ba.

Idan lambar ba ta cikin jerin kira, misali wani ne ya gargaɗe ka da ita, taɓa ɗigo uku ko layuka uku da ke sama, shiga Settings, sai Blocked numbers, sai Add a number, ka rubuta ta da hannu. Tun da kana nan, koma baya ɗaya ka shiga Caller ID & spam ka kunna na farko, wanda ke nuna maka jan gargaɗi idan lambar da ake zargi ta kira. Na biyun, mai tace kiran ya hana shi ƙara gaba ɗaya, ni ba na kunna wa ɗan kasuwa shi. Gara ka ga gargaɗin da idonka ka yanke hukunci da kanka.

A Samsung, taɓa lambar a jerin kira, taɓa alamar bayani mai harafin i, a ƙasa za ka ga Block, wani lokaci sai ka taɓa More kafin ya fito. Jerin waɗanda ka toshe yana cikin Settings na manhajar kira, ƙarƙashin Block numbers. A tsofaffin Tecno da itel kalmar da za ka nema ita ce Blacklist, a Redmi kuma Blocklist. Har 'yar ƙaramar waya mai madannai da tocila, da yawansu suna da Blacklist idan ka danna Options a kan lambar.

A iPhone, shiga Recents, taɓa harafin i da ke gefen lambar, gangara ƙasa, taɓa Block Caller. Wannan yana rufe kira da saƙon tes da FaceTime a lokaci guda.

Wanda ka toshe ba a aika masa sanarwa. Zai ji layi a cike, ko kiran ya yanke, ko a tura shi wurin barin saƙon murya. Kuma ka riƙe wannan: toshewar ba ta shafi WhatsApp ba. Can gida ne daban, da nasa makullin.

Ɓoyayyar lamba daban, baƙuwar lamba daban

Wannan shi ne wurin da aka yi wa Alhaji ɓarna, don haka zan ɗan tsaya a kai. Turancin da ke cikin wayoyin yana amfani da kalma ɗaya, Unknown, amma abin da take nufi a wannan wayar ba shi take nufi a waccan ba.

Ɓoyayyar lamba ita ce wadda mai kira ya rufe, allon wayarka ya nuna Private number ko No Caller ID. Ba wani wahala ba ne, duk wanda ya sa #31# a gaban lambarka ya ɓoye tasa. Baƙuwar lamba kuwa tana nan a fili, 080 ko 070 ko 090 da sauran lambobinta, kai ne kawai ba ka ajiye ta ba.

A manhajar kira ta Google, cikin Blocked numbers akwai makulli mai suna Unknown. Wannan ɓoyayyun lambobi kaɗai yake tarewa. Direbanka da ya ari wayar yaron mota zai same ka. Haka makullin Samsung da ke cikin Block numbers yake, masu ɓoye lamba yake kamawa. Waɗannan biyun ina kunna wa kusan kowa, domin mai ciniki na gaskiya ba ya ɓoye lambarsa, shi da yake so ka kira shi daga baya.

Na iPhone ne mai hatsarin. Yana cikin Settings, sai Phone, a sababbin kuma Settings, sai Apps, sai Phone. Sunansa Silence Unknown Callers, kuma tun 2019 Apple suka kawo shi. Shi duk lambar da ba ta cikin waɗanda ka ajiye, kuma ba ka kira ta kwanan nan ba, wayar ba za ta yi ƙara ba, sai dai ka tarar da ita a jerin kiran da ka rasa. A iPhone masu sabon tsari na 2025 an mayar da shi zaɓi uku, har da wanda wayar ke tambayar mai kira dalilinsa kafin ta yi ƙara. Ka yi tunanin direba a bakin titi cikin dare, na'ura tana masa tambaya da Turanci. Kashe wayar zai yi. Wasu Redmi ma suna da irin wannan, an rubuta Block calls from strangers. Idan sana'arka ta jama'a ce, kada ka kusanci waɗannan.

Suna da amfaninsu ga wasu. Tsohuwar da 'ya'yanta da jikokinta kaɗai ke kiranta, kuma an riga an taɓa yaudararta a waya, wannan makullin rahama ne gare ta. Amma kafin a kunna mata, a zauna a ajiye mata lambobin duk wanda zai iya nemanta, har da na maƙwabta da na 'yan'uwa na gida Arewa, kuma a ajiye su a asusun Google ko iCloud, ba a kan sim ba, don kada su ɓace ranar da aka canza waya.

Filashin daga ƙasar waje

Waya ta yi ƙara sau ɗaya ta yanke, ka duba ka ga lamba mai alamar + da lambobin wata ƙasa da ba ka da kowa a cikinta. Wannan tsohuwar dabara ce, har suna gare ta da harshen Japan, wangiri, ma'ana ƙara ɗaya a yanke. So suke ka bi kiran, ka faɗa layi mai tsadar gaske, su riƙe ka da surutu katinka yana zuba. Lambar Najeriya da +234 take farawa. Ta Nijar +227, ta Ghana +233, ta Kamaru +237, ta Saudiyya +966, waɗannan muna da dangi a cikinsu, kuma ɗan'uwanka zai sake kira ko ya turo saƙo. Sauran, kada ka bi. Toshe ka wuce.

WhatsApp

Yanzu damfarar ta fi yawa a nan. Don toshe mutum, buɗe hirarku, taɓa sunansa ko lambarsa a sama, gangara har ƙasa, za ka ga Block da Report. Don rufe bakin kiran baƙi, shiga Settings, sai Privacy, sai Calls, ka kunna Silence unknown callers, wanda aka kawo a 2023. Wannan na WhatsApp ban cika jin tsoronsa ba, domin kiran yana fitowa a jeri, mutum na iya rubuto maka saƙo, kuma layinka na kira yana nan a buɗe.

Amma ga abin da ya fi toshewa muhimmanci. Wani zai kira ka da sallama cikakkiya, da Hausa mai kyau, ya ce shi ɗan zauren ƙungiyarku ne, za a yi taro ta intanet da daddare, an turo maka lambobi shida na shiga taron, karanto masa. Waɗannan lambobin mabuɗin WhatsApp ɗinka ne. Kana faɗa, ya shige da asusunka, ya fara bin 'yan'uwanka yana roƙon kuɗi da sunanka. Kafin ka rufe wannan shafin, shiga Settings, sai Account, sai Two-step verification, ka sa lambar sirri shida da kai kaɗai ka sani.

Wani kuma zai ce ka danna wasu lambobi masu tauraro da alamar # don a gyara maka layi. Abin da yake yi shi ne karkatar da kiranka zuwa wayarsa. In ka taɓa yin haka, ko kana shakka, danna ##002# ka kira, zai soke duk wata karkatarwa da ke kan layin.

Haka masu cewa daga banki suke, wai BVN ɗinka ko NIN ta samu matsala za a rufe asusunka yau. Kada sanin sunanka ya ruɗe ka, suna ba wuyar samu yake ba. Banki ba ya tambayar lambar sirrin katinka ko lambobin da ya turo maka ta tes. Kashe wayar, toshe lambar, in hankalinka bai kwanta ba kira lambar da ke bayan katinka na ATM ko ka taka zuwa reshe.

Masu bin bashin da ba kai ka ci ba

Wata Hajiya mai sayar da atamfa da turaren wuta ta zo min da hawaye a idonta. Kwana uku ana kiranta da lambobi daban-daban, ana cewa wani yaron unguwarsu ya ci bashi ya gudu, ita ce mai tsaya masa, in ba ta biya ba za a watsa hotonta. Ta ce, "Ɗana, wallahi ban san lokacin da ya ci ba." Na ce, "Hajiya, na yarda. Lambarki kawai suka gani a wayarsa."

Haka abin yake aiki. Mutum ya sauke manhajar ba da rance, ta nemi izinin ganin lambobin wayarsa, ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba. Ranar da ya makara, sai su bi kowa da ke cikin wayar. Ba a zama mai tsaya wa bashi don kawai an ajiye lambar mutum. Hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta daɗe tana yaƙi da wannan ɗabi'a. A watan Maris na 2022 ta kai samame ofisoshin wasu masu wannan harka a Ikeja, a shekarar kuma ta fito da ƙa'idar yi musu rajista. Daga ƙarshen watan Mayu na 2023, Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane. A 2023 ɗin ne kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta ƙasa. Duk da haka akwai masu zagayewa, su turo maka manhajar ta mahaɗi a WhatsApp ko Facebook don kada ta bi ta Play Store.

Ga abin da muka yi da Hajiya. Da farko ba mu toshe ba. Mun ɗauki hoton allo na kowane saƙo da jerin kiran, da kwanan wata a jiki, domin shaida ita ce makaminka, kuma wasu wayoyin sukan ɓoye saƙon da zarar ka toshe. Sannan ta tura musu saƙo ɗaya tak, cewa ba ta ci bashi ba, ba ta tsaya wa kowa ba, su daina kiranta. Bayan nan muka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya muka toshe tare da kai rahoto. Na gaya mata za su zo da sababbi, kada ta yi musu da su, kada ta yi zagi, da ta ji su ne ta kashe ta toshe. Muka shigar da ƙorafi ta shafin FCCPC da sunan manhajar da hotunan.

Idan kai ne ka ci bashin, biya abin da ke kanka, wannan haƙƙi ne. Amma shiga Settings na wayar, sai Apps, nemo manhajar, shiga Permissions, ka janye mata izinin Contacts da na hotuna da na saƙonni. Abin da ta riga ta kwasa ya tafi, sai dai ka hana ta ƙari. Kuma ka sanar da mutanenka da bakinka kafin su ji daga bakin wani.

Maganar Truecaller

Kullum sai an tambaye ni ita. Manhaja ce ta wani kamfani a ƙasar Suwidin, kuma tana aiki, musamman a Najeriya da masu amfani da ita suke da yawa. Tana nuna sunan mai kira, tana yin ja idan mutane da yawa sun kai ƙarar lamba, tana iya toshe duk kiran da ya fito daga wata ƙasa ko duk lambar da ta fara da wasu lambobi. Bayan ka sauke ta daga Play Store, wayar za ta tambaye ka ko ka yarda ta zama mai tantance kira, sai ka amince, in ba haka ba ba za ta iya tarewa ba.

Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Sunayen nan da take nunawa daga wajen jama'a suke fitowa, shi ya sa za ka ga lambar mutumin kirki ta fito da laƙabin da wani ya ga dama ya sa masa. A 2019 hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ta buɗe bincike a kan yadda manhajar ke sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutanenmu ke ɗaukar sunan da ta nuna kamar hatimin gwamnati. Ɗan damfara na iya yi wa lambarsa rajista da sunan sashen kula da abokan hulɗa na banki, kai kuma ka gani ka saki jiki. Idan ta yi ja, yarda da ita. Idan ta nuna suna mai kyau, ci gaba da taka-tsantsan. Wanda ba ya son sunansa ya riƙa fitowa, akwai wurin cire lamba a shafin kamfanin, bayan ya rufe asusunsa in yana da shi.

Sauran manhajojin toshe kira da ba a san masu su ba, waɗanda ke cika waya da talla suna neman izinin komai, ba na sa wa kowa su.

Wanda ya sa ka a gaba

'Yan mata da matan aure su suka fi fama da wannan. Wani ya tsinci lamba a zauren WhatsApp na unguwa ko na islamiyya, ko a jikin tallan kayan da mace ke sayarwa, ya hana ta numfashi. Kada ki tsaya yi masa bayani, amsar ce yake nema ko da ta faɗa ce. Ajiye shaida, toshe shi a kira da WhatsApp da Facebook a zama ɗaya, ki shiga Privacy na WhatsApp ki mayar da hotonki da damar sa ki a zaure zuwa My contacts. Idan abin ya kai ga barazana, ya wuce maganar waya. Ki gaya wa mijinki ko mahaifinki ko yayanki, a je ofishin 'yan sanda da hotunan. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta yi wa mutum barazana ta saƙo. In hatsarin na nan take ne, a Legas ana kiran 112 ko 767.

Barcin dare

Akwai kiran da ba na mugunta ba ne, lokacinsa ne kawai bai dace ba. Kashe waya da dare kuwa ba ya yiwuwa ga wanda iyayensa ke Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi, domin labarin rashin lafiya ba ya jiran gari ya waye. Abin da ya dace shi ne Do Not Disturb na cikin wayar, wanda ba shi da alaƙa da 2442 duk da sunansu ɗaya.

Fara shiga lambobinka ka sa wa iyaye da iyali da maigidanka alamar tauraro. A iPhone ana ce musu Favourites. Sai ka shiga Settings, ka nemo Do Not Disturb, a iPhone yana ƙarƙashin Focus. Sa masa lokaci, misali daga 11 na dare zuwa 5 na asuba. A wurin da ake zaɓar waɗanda za su iya samunka, zaɓi masu tauraro kaɗai. Sannan ka kunna izinin mai maimaita kira, an rubuta Repeat callers ko Allow Repeated Calls. A Android, duk wanda ya sake kira cikin minti 15 zai shigo, a iPhone cikin minti 3. Mai talla ba ya maimaitawa nan take, mai larura kuwa sai ya maimaita. Tabbatar ƙararrawar tashin asuba tana cikin abin da aka bari ya yi ƙara.

Wannan shi na saita wa Alhaji bayan na kashe makullin da ɗansa ya kunna. Muka tura STOP daga layukansa biyu, muka sa wa direbobinsa uku tauraro, muka buɗe jerin waɗanda aka toshe muka bi su ɗaya-ɗaya. A ciki muka tarar da lambar wani mai sayen kaya daga Ikorodu da hannu ya taɓa bisa kuskure tun watannin baya. A Android alamar x ce a gefen lambar ake taɓawa, a iPhone kuma a ja lambar zuwa hagu a taɓa Unblock. Alhaji ya karɓi wayar, ya kira mutumin tun yana tsaye a bakin rumfa, ya fara da ba shi haƙuri.